Hajar Alhaji a Gwiwar Ɗan Jimma

Abubuwa da yawa sun shuɗe mini a aikin jinya, amma har gobe ban manta da ranar da wani attajiri ya ba ni umarni in zuƙo magani daga gwiwar baransa in mayar a tasa ba. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan kukan yi dariya in na faɗa, kuna zaton barkwancin tsofaffi ne. To ku gyara zama, domin da idona na gani, kuma ni aka ce in ɗauko sirinjin.

Lokacin ina majo a wata kilinik mai zaman kanta a nan cikin Maradi. Ga wanda ba ɗan gida ba, majo shi ne shugaban ma'aikatan jinya. Shi ke raba aiki, shi ke riƙe da makullin firigon magani, kuma shi ake zagi idan likita ta yi latti. Likitarmu ta ƙashi da gaɓoɓi sunanta Rabi, ƴar siririya mai magana a hankali, irin wadda manyan gari ke shigowa su tarar a kan kujerarta, su gaishe ta, sannan su tambaye ta ina likitan ya shiga.

Majiyyacin namu shi ne Alhaji Hamisu, ɗan kasuwar da tirelolinsa ke ɗauko shinkafa da sukari daga Kwatano. Allah ya hore masa jiki, kuma nauyin jikin nan duk gwiwarsa ta dama ce ke ɗauke da shi. Ciwonsa shi ne wanda muke gani kullum ga dattawa: guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan gwiwa ya zaizaye, ƙashi ya fara gugar ƙashi. Tafiya da ƙyar, durƙuso kuwa sai da salati. Ya daɗe yana salla a kan kujerar roba, farar nan ta gidan biki. Addini ya yarda masa, amma zuciyarsa ba ta yarda ba. Ga shi ya gina masallaci a Sabon Gari, mai hasumiya biyu, an sa buɗewa a Juma'ar ƙarshe kafin Sallar Layya, an gayyaci manyan mutane har daga tsallaken iyaka. Abin da Alhaji yake so ɗaya ne: ranar nan ya tsaya a sahun gaba, ya kai goshinsa ƙasa a gaban jama'a.

Akwai allurar gwiwa ta yau da kullum, wadda kuka sani, amma takan tayar da sukarin jini, Alhaji kuwa nasa kullum a sama yake, don ba ya wasa da shayi. Sai Likita Rabi ta rubuta masa wata iri da ba mu da ita a farmasin garin nan. Gari ne a ƴar kwalba, ƙwayoyinsa mitsi-mitsi, ana haɗa shi da ruwansa a lokacin da za a yi, a soka cikin gaɓar kanta. Ƙwayoyin sai su zauna a ciki suna narkewa sannu a hankali, suna sakin magani na kamar wata uku. Ba ta mayar da guringuntsin da ya tafi, ciwo da kumburi take kwantarwa. Kuma sharaɗinta sanyi, a firigo take zama.

Likita ta yi bayanin nan iyakar ƙoƙarinta, Alhaji yana kallon silin. Sai na sa baki da yaren da yake ji. Na ce, "Ranka shi daɗe, kamar mangaza ce. A zuba haja a kulle, kullum a fitar da kaɗan, har ta ƙare."

Nan take fuskarsa ta washe. "Yawwa! Majo shi ya iya magana. Lokotoro, ki riƙa koyo."

Na ji daɗin yabon nan ƙwarai, har na ɗan ɗaga kafaɗa.

A farkon bazara maganin ya iso. Ɗansa ne ya yo masa tsarabarsa daga waje, cikin akwatin ƙanƙara, kwalba biyu. Likita ta rubuta ɗaya, amma ɗan kasuwa ba ya sayen abu ɗaya. Wanda ya shigo da akwatin a rungume shi ne Malam Ɗan Jimma, wani dattijo ɗan Tsibiri, dogo, ramamme, mai ɗingishi. Tun zamanin mahaifin Alhaji yake aparanti a bayan mota, yana lodi yana sauke lodi, yana dirowa daga saman tirela har gwiwa ta ce ta gaji. Da ya tsufa sai aka ba shi aikin da ya fi kowane aiki amana a gidan: ɗanɗano. Duk buhun da za a saya, shi ke huda shi ya tauna. Duk jiƙon da wani mai magani ya kawo wa Alhaji, shi ke fara kurɓa, a jira a ga ko zai kwana lafiya.

Muka shirya ɗaki, na shimfiɗa kayan aiki. Alhaji ya hau gado, aka naɗe masa wando. Sai idonsa ya faɗa kan allurar. Ku kun san ta, ba irin ta zazzaɓi ba ce, doguwa ce mai kauri. Mutumin da direbobi ke rawar jiki in ya yi tari, sai ga shi yana sauke wandonsa a hankali.

Ya ce, "Wagga duka za ta shiga?"

Likita ta ce, "Ba duka ba, Alhaji. Kuma za mu kashe wurin tukuna."

"Ba tsoro ba ne hwa, ɗiyata. Ni dai tun da nike ban taɓa sayen haja ba a ɗanɗana ba. Ɗan Jimma! Taho hau nan. A hwara da kai."

Ɗan Jimma ya ajiye akwatin, ya tuɓe takalmi, ya nufi gado kamar an ce ya ɗauko buta.

Likita Rabi ta ce sam, ba a yi wa mai lafiya allura don wani ya gani. Alhaji ya yi dariya ya ce wane mai lafiya, ta duba ƙafar mutumin nan tukuna. Ta kuwa duba, aka yi masa hoton ƙashi, sai ga gwiwar Ɗan Jimma da irin ciwon Alhaji sak, har ta ɗan fi. Sukari kuwa babu ko alama, don mai ɗanɗano ba ya wuce cokali ɗaya. Sai ta ce kowa ya fita, ta bar ni da shi. Ka'ida ce, kuma ku riƙe ta: majiyyaci shi ke yarda da bakinsa, ba wanda ya kawo shi ba.

Ta ce, "Baba, ka gane abin da za a yi maka? In ba ka so, ba wanda zai tilasta ka a ɗakin nan."

"Abin da Alhaji yac ce."

"Ba Alhaji na tambaya ba. Kai."

Yana ta murza hularsa a hannu. Can ya ce, "Lokotoro, in anka yi, mutum na iya sujada?"

"Ban yi maka alkawari ba, amma ina sa rai. Na ɗan lokaci."

"Ni dai na daɗe rabon da in aza goshina ƙasa. A zaune nike salla, bisa buhu, bayan mangaza. In ko na kwana ukku ne, a yi mini."

A nan na gane ashe su biyu abu ɗaya suke nema. Bambancin kawai, ɗaya yana so a gan shi.

Aka yi masa. Ko motsi bai yi ba. Likita ta gargaɗe shi ya huta kwana biyu, kada ya ɗauki kaya. Da Alhaji ya shigo ta ce saura shi, ga gado. Ya ce ina, ai ɗanɗano ba a take ake ganin sakamakonsa ba, a ba shi mako guda. Na miƙa hannu zan sa kwalbar da ta rage a firigonmu, sai ya dafe akwatin.

"Majo, hajata ba ta kwana gidan wani."

Na ce, "Alhaji, sanyi take so. In ta sha zafi ta lalace. Firigo, ba wurin ƙanƙara ba, ba cikin mota ba."

"Ni za a koya ma ajiya? Na ajiye abin da ya hi wannan tsada."

Haka suka fita, Ɗan Jimma na rungume da akwatin.

Kafin mako ya zagayo maganin ya karɓi Ɗan Jimma. Ranar da ya dawo dubawa sai da na sake kallonsa, don mutum ya shigo a miƙe, ba dafa bango. Ya kama hannuna da hannu biyu ya ce, "Majo, jiya na yi asuba a tsaye. Da na kai ƙasa na kasa tashi, ba don ciwo ba. Kuka na tsaya yi." Ni ma sai da na juya na yi kamar ina neman abu a kabad.

Na aika wa Alhaji cewa ɗanɗano ya yi kyau, ya zo. Amsar da ta dawo ita ce, hajar da ta yi kyau a mako ɗaya ba ita ce haja ba, sai an ga jurewarta. Daga nan gwaji ya tashi haiƙan. Duk baƙon da ya zo zauren Alhaji sai an kira Ɗan Jimma. "Durƙusa su gani. Tashi. Sake." Alhazai suna jinjina kai suna cewa ikon Allah, wasu har da taɓa gwiwar kamar masu tayin rago. Aka sa shi hawa benen sabon masallaci har kan hasumiya, wai ya duba ko masu fenti sun gama. Aka tura shi garkar Alhaji, lambunsa na Jiratawa, ya zagaya bakin kwamin albasa ya dawo da labari, alhali akwai masu gadi a can da waya a aljihu. Na samu Alhaji na ce an ce a rage wahalar da gaɓar Ɗan Jimma, ciwo ne ya kwanta, zaizayar na nan.

Ya ce, "To in ba a aza mata kaya ba, ta ƙaƙa za a san ƙarhinta?"

Na ce lokaci fa na tafiya, kuma shi ma maganin sai ya ɗauki kwanaki kafin ya kama shi. Ya ce in kwantar da hankalina, shi ya san lokacin sayen kaya da lokacin sayarwa. Sau nawa na je, sau nawa likita ta buga waya, ban riƙe ba. Bazara dai ta yi ta dafa garin, rumfunan kasuwa kansu suna huci, Alhaji yana nan yana nazarin gwiwar wani.

Sai da buɗe masallaci ya rage ƴan kwanaki sannan ya bayyana, da babbar riga da ƙamshin turare, Ɗan Jimma a bayansa. Ya ce ya gamsu, haja ta ci jarrabawa, a yi masa. Ya sa hannu a aljihu ya fito da kwalbar a naɗe cikin hankici. Babu akwatin ƙanƙara. Da na karɓa na ji ta da ɗumi a tafin hannuna, kwalinta ya yi laushi.

Likita ta ce, "Alhaji, a ina ta zauna?"

"Wurin da ya hi ko'ina tsaro garin ga."

Ashe da ya koma gida ya buɗe firigo ya ga jikoki na shiga suna fita, masu aiki na ɗaukar ruwa, wutar kuran kuma na ɗaukewa, sai ya ga wannan ba wurin ajiyar abu mai daraja ba ne. Ya kai ta kantinsa na kasuwa, ya kulle a akwatin ƙarfen da yake ajiyar takardun filaye. Akwatin ƙarfe, a ɗakin kwano, tsawon bazarar Maradi. Ko ƙwai aka sa a ciki da tuni ya dahu.

Likita Rabi ta ajiye kwalbar a gefe ta ce ba za ta sa wannan a jikin mutum ba. Ta ce ƙwayoyin nan zafi na lalata su, ba wanda ya san abin da suka koma, kuma gaɓa ba wurin caca ba ce. Alhaji ya ce hatimin kwalbar ko taɓa shi ba a yi ba. Ta ce ba ɓarawo ne ya shiga ba, zafi ne. Ya ce to a yi ta yau da kullum ɗin. Muka auna sukarinsa, sai da na sake aunawa don na zaci na'urar ce ta haukace. Ta ce da wannan sukarin ba za ta yi ba, sai an sauko da shi, kuma ba aikin kwana biyu ba ne. A sake aikowa da wata daga waje kuwa, ko da jirgi ya tashi a ranar, ba za ta iso ta kama shi kafin Juma'ar ba.

Alhaji ya sunkuyar da kai, yana kaɗa makullin mota. Na fara jin tausayinsa, wallahi. Sai ya ɗago a hankali ya dubi Ɗan Jimma, daga fuska har ƙasa, idonsa ya tsaya a gwiwa. Na san kallon nan, shi ne kallon da yake yi wa tirela in ta shigo gari.

"Majo. Kai kac ce mangaza ce."

"Na'am, ranka shi daɗe."

"Kac ce wata ukku take kai, kaɗan-kaɗan. Wata ukku bai cika ba. Ke nan da saura ciki."

Na ce ai kwatance ne kawai na yi.

"Kwatancenka ya yi daidai. Hajar wa ce cikin mangazar?" Ya nuna gwiwar da makullin mota. "Ɗauko sirinji ka zuƙo abin da ya rage ka maida mini. Ni kwana ɗaya nika so. Shi ai ya ci nashi rabo."

Na tsaya ina jiran ya yi dariya. Bai yi ba. Abin da ya ƙona mini rai kuwa ba maganar Alhaji ba ce, don na saba da attajirai. Ina juyawa na tarar Ɗan Jimma ya riga ya tuɓe takalmi, ya hau gado, ya naɗe wandonsa har cinya, ya kawar da kai wajen bango yana jira.

Ban taɓa jin Likita Rabi ta ɗaga murya ba sai ran nan. "Baba, sauko! Sauke wandonka." Sannan ta juya. "Alhaji, ba ya fita. Ya narke a jikinsa, ya zama nasa. Kuma ko da yana fita, da hannuna ba za a yi ba."

Alhaji ya miƙe da ƙyar, ya dafa tebur. Ya ce dama an gaya masa likitocin yanzu karatu ne da su ba dabara. Ya ce a ba shi kwalbarsa, ko ta lalace tasa ce. Ta ba shi bayan ta rubuta a jiki cewa ba ta amfani. Ya fita yana ɗingishi, Ɗan Jimma ya bi shi, kuma na lura tun daga bakin ƙofa ya rage tafiya don kada ya wuce maigidansa.

Ranar Juma'ar na je, don an aiko mana da goron gayyata tun kafin rigimar. Masallaci ya cika ya batse, motoci har bakin kwalta. Na samu wuri a sahu na huɗu ko na biyar. Da aka tayar da iƙama sai na hango farar kujerar roba a sahun gaba, Alhaji a kai, ya sha rawani, fuskar nan ba annuri. Wannan na san da shi. Abin da ban zata ba shi ne kujera ta biyu, a sahun bayansa, daidai kafaɗarsa. Ɗan Jimma ne a kanta. Liman ya yi kabbarar sujada, jama'a duka suka tafi ƙasa, su biyu suka rage a sama suna duƙar da kai.

Allah ya yafe mini, sallar nan rabinta lissafin gwiwa na yi. Na ce shi ke nan, hawan hasumiya da zagayen Jiratawa sun cinye maganin kafin lokaci. Ana sallamewa na tare shi a wajen takalma yana haɗa kujerun biyu.

Na ce, "Baba, gwiwar ce ta motsa?"

Ya waiga hagu da dama, ya rage murya. "Lahiya lau take, Majo."

"To kujerar hwa?"

"Haba Majo. In aza goshi ƙasa da maganin Alhaji, cikin masallacin Alhaji, shi yana zaune yana kallo? Da wane ido zan dube shi gobe?"

"Shi ya sa ka?"

"Bai ce komi ba. Ai ba sai ya ce ba." Ya ɗora kujerun a ka. "In na koma Tsibiri sai in shiga ɗaki in ja ƙyaure in sake ta azahar. Can ba mai gani sai Mai ita."

Na tsaya ina kallonsa yana ratsa motocin baƙi da kujeru biyu a kansa, yana ɗingishin da na san na ƙarya ne.

Bayan Sallar Layya da ƴan makonni ya zo dubawar ƙarshe a kan kabu-kabu. Wannan karon ɗingishin na gaske ne, har sai da mai babur ya riƙe shi ya sauka. Likita ta taɓa gwiwar, ta ce maganin ya ƙare, kamar yadda aka faɗa tun farko. Ta fara yi masa bayanin motsa ƙafa da ƙwayoyin rage ciwo, tana neman kalmar da za ta lallashe shi da ita. Sai muka ga mutum yana murmushi.

Ya ce, "Ya ƙare duka? Ba saura?"

Ta ce babu.

"Alhamdu lillahi. Yanzu hankalina ya kwanta. Tun ran nan nike jin kamar kayan mutane nike ɗauke da su."

Likita Rabi ta ajiye biro, ta fita waje, ta daɗe ba ta dawo ba. Ni na ƙarasa masa bayanin.

Alhaji kuwa daga baya ya tafi waje aka yi masa aiki, na ji an ce yana ba da labari a zaure cewa shi ya gano allurar nan ba ta da jurewa, da ya sa kansa da ya yi asara.

Ku da ke shigowa yanzu, za ku ga magunguna da suka fi wannan dabara, masu zama a jiki wata da watanni. Ku koyi ajiyarsu, ku riƙe makullin firigonku da kyau, kada ku bar kwalba ta bi mai kuɗi gida don ya ɗaure fuska. In za ku yi wa ɗan kasuwa kwatance kuma, ku auna shi tukuna, don zai bi shi har inda ba ku nufa ba. Amma babban abin da na ɗauka daga ranar nan shi ne, a makaranta an koya mana mu tambayi majiyyaci inda ke masa ciwo. Ni yanzu in dattijo ya shigo a bayan wani babban mutum, nakan fitar da kowa, in rufe ƙofa, in fara da gaya masa cewa ƙafar nan tasa ce. Wasu sukan yi dariya. Wasu kuma sukan waiga wajen ƙofa kafin su amsa.